Yadda Ake Tara Ƙananan Mutum-mutumin Sojoji da Diyorama, da Yadda Ake Gane Mai Inganci

Mutum-mutumin soja iri biyu ne a hannun masu tarawa, kuma ba da mudu ɗaya ake auna su ba. Akwai tsohon sojan wasan yara wanda aka zuba da dalma shekara saba'in ko ɗari da suka wuce, aka shafa masa fenti mai sheƙi a masana'anta, aka ɗaure shi da zare cikin kwali tare da 'yan uwansa. Darajar wannan tana ga zamansa yadda ya fito: fentinsa na asali, kansa na asali, kwalinsa na asali. Akwai kuma na zamani, wanda aka sassaƙa don ya yi kama da soja na haƙiƙa a wata rana ta haƙiƙa, har ƙurar takalminsa. Shi kuwa darajarsa tana ga gwanintar hannun da ya sassaƙa, ya zuba, ya fenta. In ka sake wa na farko fenti ka zubar masa da daraja, ko da naka fentin ya fi na masana'anta kyau. In ka bar na biyu da tabon zubi a kumatu, aiki bai ƙare ba. Saboda haka kafin ka yanke hukunci a kan kowane soja, fara sanin wanne ne a hannunka. Diyorama kuwa, wato ƙaramin fagen da ake ginawa a jera sojojin a ciki, za mu zo kansa a mataki na bakwai.

Mataki na farko: tsayar da zamani ɗaya da ma'auni ɗaya

Tarin da ya fi ƙayatarwa shi ne mai alƙibla. Zaɓi zamani guda, misali yaƙe-yaƙen Napoleon, ko Yaƙin Duniya na Ɗaya, ko fagen hamada na Arewacin Afirka a Yaƙin Duniya na Biyu. Amfanin wannan a bayyane yake: cikin ɗan lokaci idonka zai saba da kakin wannan zamani, har kuskure ya riƙa yi maka tsalle da kansa.

Sai ma'auni. Idan an rubuta 1:35, ana nufin milimita ɗaya a jikin mutum-mutumin daidai take da milimita 35 a jikin mutum. Ɗauki soja mai tsawon santimita 175. A ma'aunin 1:72 zai kai milimita 24 da ɗoriya. A 1:48 kusan milimita 36. A 1:35 milimita 50 cif. A 1:32 kusan milimita 54, wanda shi ne girman da kamfanin Britains na Landan ya yaɗa har ya zama ma'aunin sojan dalma. A 1:30 kusan milimita 58, ana kiransa na 60, kuma shi ne girman da kamfanin King & Country na Hong Kong da ire-irensa suke sayar da sojoji fentattu. A 1:16 kusan milimita 110, ko da yake ana tallarsa a matsayin 120.

Wanda yake son tankoki da motoci tare da sojoji, 1:35 ya fi masa, domin tun da Tamiya ta Japan ta fito da tankar Panther a wannan ma'auni a 1961, kayan haɗi suka yawaita a kansa fiye da kowane. Wanda yake son runduna mai yawa a ƙaramin wuri ya nufi 1:72. Wanda fentin fuska da tufafi ne burinsa ya nufi milimita 54, 75 ko 90.

Akwai tarko a nan. Wasu kamfanoni suna auna tsawo daga tafin ƙafa zuwa ido, wasu zuwa tsakar kai, shi ya sa sojoji biyu masu lamba ɗaya a kwali za su iya bambanta sosai. Mutane dai tsawonsu ya bambanta, don haka ɗan bambanci a jiki ba laifi ba ne. Abin da ba ya bambanta shi ne makami da kayan aiki. Bindigar Kar98k ta Jamus tsawonta milimita 1,110, wato ɗan ƙasa da milimita 32 a 1:35. AK-47 mai gindin katako milimita 880 ce, wato milimita 25. Jarkar man soja mai lita 20 tsayinta milimita 470, wato milimita 13 da ɗoriya. Riƙe rula ta ƙarfe, ka auna bindiga da hular kwano. In sun yi daidai tsakanin kamfanoni biyu, sojojinsu za su zauna a fage ɗaya.

Mataki na biyu: gane abin da aka yi shi da shi

Kowane abin zubi da irin ciwonsa.

Dalma mai rami a ciki ita ce dabarar da William Britain ƙarami ya fito da ita a 1893: a zuba narkakken ƙarfe cikin mazubi, a juye rarar tun bai daskare ba, sai ɓawon waje kaɗai ya rage. Irin wannan soja ba shi da nauyi a hannu, kuma sau da yawa za ka ga ɗan huji a tsakar kansa inda rarar ta fita. Kamfanin Britains ya daina yin su a 1966. Na kamfanin Heyde na Dresden da na Mignot na Paris cikakken zubi ne, sun fi nauyi. Akwai kuma shafaffun sojojin kuza na Nuremberg, masu faɗi kamar tsaba, yawanci milimita 30, waɗanda fenti ne kaɗai yake ba su kauri a ido. Gidan tarihin da ke fadar Plassenburg a Kulmbach ta Jamus ya shahara da su.

Na Elastolin da Lineol, su ma na Jamus, an yi su ne da garin katako da gam da farar ƙasa, aka matse a kan ƙashin waya. Danshi ne abokin gabarsu: wayar ciki ta yi tsatsa, ta kumbura, ta tsaga jikin daga ciki.

Roba iri biyu ce. Mai tauri ita ce ta kayan haɗawa na cikin kwali, tana karɓar sanfefa da gam da fenti lafiya. Mai laushi kuwa, irin ta ƙananan sojojin Airfix, fenti ba ya kama ta sosai, yana ɓarewa a bakin bindiga da takobi inda ake lanƙwasawa, kuma wasu tsofaffin sukan bushe su riƙa karyewa a idon sawu.

Rezin, wato wani ruwan roba da ake zubawa a mazubi ya daskare ya yi tauri, shi ne ya fi fitar da ƙananan bayanai, amma yana da gautsi, kuma ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. A goge shi da jiƙaƙƙiyar sanfefa, a sa takunkumi. Farin ƙarfe na zamani, gaurayen kuza, yana da nauyi da ƙarfi, ana iya lanƙwasa shi a hankali. Na baya-bayan nan su ne waɗanda injin ɗab'i mai fitar da siffa (3D) yake ginawa shimfiɗa bisa shimfiɗa.

Mataki na uku: sassaƙa kafin komai

A nan ne ya kamata ka daɗe, domin fenti ba ya gyara mugun sassaƙa. Ajiye sojan a kan tebur daidai da idonka, ka haska shi da tocila daga gefe guda. Hasken gefe yana tona abin da hasken sama yake ɓoyewa.

Fara da rabon jiki. Tsawon babban mutum ya kai tsawon kansa sau bakwai zuwa bakwai da rabi. A 1:35 kai bai wuce milimita 7 ba. Idanu suna tsakiyar kai, rabin tazara tsakanin haɓa da tsakar kai, amma sabon mai sassaƙa yakan ɗaga su sama. In hannu ya sauka, gwiwar hannu tana wajen ƙugu, yatsu suna kai tsakiyar cinya. Sojojin wasan dara na yaƙi masu milimita 28 daban suke: da gangan ake ƙara musu girman kai da hannu da makami don a gan su daga nesa a kan tebur, don haka ba a kama su da wannan laifi.

Sai tsayuwa. Tambayi kanka a wace ƙafa nauyinsa yake. Mutumin da ya dogara a ƙafar dama, ƙugunsa na dama yana ɗagawa, kafaɗarsa ta dama tana ɗan sauka. Wanda ya goya jaka mai nauyi yana ranƙwafawa gaba. Sojan da ya tsaya ƙiƙam, ƙafafu daidai, kafaɗu daidai, alhali wai gudu yake yi ko harbi, an sassaƙa shi ne ba tare da kallon mutum ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tashi ka kwaikwayi tsayuwar da jikinka. In ka kasa riƙe ta na daƙiƙa biyar, akwai matsala.

Hannuwa su ne inda ƙarya take ƙarewa. Yatsu su naɗe bindiga da gaske, ba tare da rata tsakanin tafi da katako ba. Gindin bindiga ya zauna a kafaɗa, kumatu ya kwanta a kansa in nufi yake yi. Kamfanoni masu kyau sukan zuba tafin hannu haɗe da makamin don kauce wa wannan rata. Igiyar bindiga da maɗaurin jaka su nutse kaɗan cikin tufa a kafaɗa, kuma kowace igiya ka bi ta da ido daga farkonta zuwa ƙarshenta. Wadda ta fito daga gaba ta ɓace a baya ba tare da ta isa ko'ina ba, alamar ganganci ce. Gorar ruwa da jakar harsashi su rataya ƙasa yadda nauyi zai ja su.

Ninkin tufa shi ma yana da ƙa'ida. Yana tasowa daga inda aka ja yadi: hammata, gwiwar hannu, gwiwa, inda bel ya matse. Babbar rigar sanyi ta ulu tana yin ninki kaɗan masu faɗi, rigar auduga ta hamada tana yin masu yawa sirara. In duk tufafin jikinsa ninkinsu iri ɗaya ne, mai sassaƙar bai bambance yadi ba.

Bayan sassaƙa sai zubi. Nemi siririn layin da ke bin gefen hannu, ƙafa da hula, inda ɓangarori biyu na mazubi suka haɗu. Siriri ba komai, bayan wuƙa yana kankare shi. Abin gudu shi ne inda ɓangarorin suka goce, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, musamman in gocewar ta ratsa fuska ko kunne. Gyaran wannan yana cinye siffar. A rezin, duba ƙananan ramukan iska a kan hanci, haɓa, yatsu da bakin hula. A roba mai tauri, duba lotsawa a wurare masu kauri, kamar tsakiyar baya da jaka, inda robar ta tsuke da ta huce. A na injin ɗab'i, juya hular kwano ƙarƙashin tocila ka ga ko zoben shimfiɗu sun fito, ka kuma duba ɗige-ɗigen da sandunan tallafi suka bari a ƙarƙashin hannu. In mai rami ne a ciki kuma ba a bar masa hujin tsiyayewa ba, ruwan rezin da ya maƙale zai iya tsaga shi bayan watanni.

Bindigar rezin da ta lanƙwashe ba dalilin fasa saye ba ce. Tsoma ta cikin ruwa mai zafin digiri 60 zuwa 70 na ɗan lokaci, miƙe ta da yatsu, sai ka tsoma ta cikin ruwan sanyi.

Mataki na huɗu: ya dace da tarihi?

Kowane kaki da makami yana da shekarar da ya shigo. Sojan Jamus na 1914 hular fata mai tsini yake sanyawa, hular ƙarfensu ba ta shigo ba sai 1916. Sojan ƙasa na Faransa ya shiga yaƙin 1914 da jan wando, a 1915 aka koma shuɗi mai haske da hular ƙarfe ta Adrian. Tankar Tiger ta Jamus ta fara shiga yaƙi a 1942, don haka ba ta da gurbi a fagen Faransa na 1940. Tankokin Jamus a Turai launin toka mai duhu suke fitowa da shi har zuwa Fabrairun 1943, lokacin da aka koma rawaya mai duhu. Shafen nan mai gurza-gurza da ake kira Zimmerit an yi amfani da shi a jikin tankokin Jamus daga 1943 zuwa Satumban 1944. Tankar T-34 ta Tarayyar Sobiyet mai igwar milimita 85 ta 1944 ce.

Ƙa'idar a nan gefe ɗaya take bi. Tsohon kaya a sabuwar shekara yana yiwuwa, domin soja yakan ci gaba da sanya abin da aka ba shi har ya mutu. Sabon kaya a tsohuwar shekara ba ya yiwuwa. Hoton kwali ba hujja ba ne. Hujja ita ce hoton da aka ɗauka a lokacin, ko kayan asali a gidan tarihi. Wannan awon bai shafi tsofaffin sojojin wasa ba. Kuskuren masana'anta a jikinsu yana cikin tarihinsu.

Mataki na biyar: fenti

Duba daga nesan hannu tukuna, sannan da gilashin ƙara girma. Daga nesa kana neman haske da inuwa. Gwani yakan ɗauka cewa haske daga sama yake sauka, sai ya haskaka kafaɗa, karan hanci, saman kumatu da saman kowane ninki, ya duhunta ƙarƙashin haɓa, hammata da ƙasan bakin hula. Hasken ya fito daga wuri ɗaya a duk jikin. Ɗauki hotonsa da waya ka mayar da shi baƙi da fari. In siffar ta baje ta zama toka iri ɗaya, fentin ba shi da zurfi, komai kyan launinsa.

Daga kusa kana neman kauri da tsabta. Fenti mai kyau shafa ce siririya sau da yawa, maɓallai da ɗinki suna nan da kaifinsu. Wanda aka lafta sau ɗaya yana cike ramuka, yana barin sawun burushi. Iyakar bel da riga, da ta fata da wuyan riga, ta fita tsaf ba tare da launi ya haura ba. Tsakanin haske da inuwa a sami sauyi a hankali.

Idanu su ne suke kashe yawancin ayyuka. A 1:35 faɗin ido bai kai milimita ɗaya ba. Wanda ya sa farin fenti tas da baƙin ɗigo a tsakiya ya samar da soja mai zare ido kamar ya ga abin tsoro. Daidai shi ne fari mai ɗan dushewa, ƙwayar ido ta taɓa fatar ido ta sama, duka biyun suna kallon wuri ɗaya. A 1:72 inuwa kaɗai ta isa.

Sheƙi ma a lura da shi. Yadi ba ya sheƙi. Fatar takalmi da bel tana da ɗan maiƙo. Ƙarfen bindiga duhu ne mai ɗan walƙiya a gefuna, ba ruwan azurfa ba. Tambarin da aka manna a tanka ko hannun riga, in ka ga farin hazo kewaye da shi, iska ce ta maƙale a ƙarƙashinsa saboda an manna shi a kan fenti marar santsi. Tsufa da datti kuwa su kasance inda dalili ya kai su: gwiwa, gwiwar hannu, bakin ƙofar tanka inda ake takawa. Tankar da ba ta fi 'yan watanni a fagen daga ba, a lulluɓe ta da tsatsa, wuce gona da iri ne, ko da yake ana yawan yin sa.

Mataki na shida: tsofaffi da jabu

A tsohon sojan dalma, juya shi ka karanta ƙarƙashin gindinsa, inda sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi sukan kasance. Fentin asali yana da tsufa iri ɗaya a duk jiki, ya goge a wuraren da hannu yake taɓawa: hanci, bakin hula, ƙirji. In ka ga fenti ya malale cikin tsohon ɓarewa ya rufe ta, an sake shafawa. Fitilar ultrabayolet a ɗaki mai duhu tana taimakawa, domin sau da yawa sabon fenti da gam suna haskawa daban da tsohon. Duba wuya da kyau. Kai ne ya fi karyewa, kuma tsohuwar dabarar gyara ita ce a cusa tsinken ashana a ramin jiki a dasa kan a kai. Duba ko hannu mai motsi launinsa ya dace da na rigar. A saiti kuwa, jera su ka kwatanta: launin gindi, yanayin fuska da kaurin fenti su zo ɗaya. Saitin da aka harhaɗa daga wurare daban-daban bai kai wanda ya taso tare ba. Gyararren soja ba abin ƙi ba ne, muddin an faɗa maka an gyara shi.

Abin da ya fi komai haɗari shi ne ruɓar dalma. Alamarta gari ne fari-fari ko ruwan toka, fenti yana kumbura yana ɓarewa, ƙarfen yana zama kamar alli. Tururin asid mai irin na ruwan tsami ne yake haddasa ta, wanda yake fita daga wasu katakai, musamman katakon oak, da filawud, da allon garin katako, da wasu kwalaye da gam, in an rufe su wuri ɗaya da danshi. Garin guba ne. Kada a hura shi, kada a goge shi a bushe, a wanke hannu, a nisanta shi da yara. Cire sojan daga inda yake, domin wurin da ya ruɓar da shi zai ruɓar da sauran. Tsofaffin motoci da igwa na zubin tutiya su ma suna da nasu ciwon: ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya marmashe. Wannan ba shi da magani, kada ka saya.

A rezin na zamani, jabu shi ne wanda aka kwafa daga na asali ba da izini ba. Yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, gefunansa sun dakushe, wani lokaci da layin zubi biyu, na asali da na mai kwafa. Yakan zo da maiƙo da wari mai ƙarfi, cikin leda ba kwali, ko da hoton kwali mai dishi-dishi. Sayen sa yana kashe kasuwar mai sassaƙar da ya yi wata da watanni a kan aikin, kuma yawancinsu ƙananan masu sana'a ne.

In daga nesa za ka saya, nemi hoton gaba, baya, gefe biyu da ƙarƙashin gindi, a farin haske, da rula a gefe. Wanda ya ƙi nuna baya da ƙasa, bar masa kayansa.

Mataki na bakwai: auna diyorama

Diyorama ƙaramin fage ne da aka gina, da ƙasa da gini da mutane, don ya ba da labarin wani lokaci guda. Awon farko: rufe sunan da aka rubuta a gindinsa, ka duba na daƙiƙa goma. Ka gane abin da yake faruwa? In sai an yi maka bayani, labarin bai fita ba. Idanun sojojin su ne suke jan idon mai kallo, don haka su karkata zuwa abu ɗaya. Soja biyar kowa yana kallon gabansa tarin mutum-mutumi ne kawai a kan katako.

Sai tsari. Tanka, hanya ko bango kada su yi layi ɗaya da gefen gindin, a karkata su kaɗan don fagen ya zama kamar an yanko shi daga wuri mai faɗi. Abu mai tsawo, bishiya ko rusasshen gini, ya koma baya ko gefe. Gindin kada ya fi labarin girma, domin filin da ba komai a cikinsa yana raunana aiki, kuma cika shi da jarkoki da akwatuna ba ya ceto shi.

Sannan haɗuwar abubuwa da ƙasa, wadda ita ce take raba gwani da ɗan koyo. Sunkuya ka duba ƙarƙashin takalma. Haske bai kamata ya ratsa ba. Tanka mai nauyin tan talatin tana nutsewa cikin ƙasa, tana barin sawu a bayanta, kuma faɗin sawun ya dace da faɗin sarƙarta. Ƙurar da ke jikin takalmi da sarƙa da gindin bango ta zama launin ƙasar wurin. Yanayi ya zo ɗaya: kada a ga soja da rigar sanyi kusa da wanda ya naɗe hannun riga a cikin koren ganye. Rusasshen gini ya kasance da ɓaraguzai daidai da abin da ya rushe, har da katakon rufi da gilashi.

Ma'auni ya shafi ƙasa ma. Ciyawar roba mai milimita 4 a 1:35 daidai take da ciyawa mai santimita 14, a 1:72 kuwa mai milimita 2 ce take ba da wannan. Ƙofa mai mita biyu milimita 57 ce a 1:35. Jan bulo irin na Ingila, mai milimita 215 da 65, yana komawa kusan 6 da 2. Yashin gini a wannan ma'auni tsakuwa ne, don haka ƙasa mai laushi sai da tankaɗaɗɗen gari.

Daidaito da tarihi yana nan a diyorama kamar yadda yake a soja ɗaya. Babban diyoraman yaƙin Waterloo na zamanin Napoleon da William Siborne ya kammala a 1838, wanda yake gidan tarihin sojan ƙasa na Landan, har yau ana muhawara a kan yadda aka nuna rundunar Prussia a cikinsa.

Ta fuskar ƙarko, duba gindin katako ko ya bankare. Yana faruwa in an shafa jiƙaƙƙiyar filasta a kan katakon da ba a rufe shi da fenti ko man kariya ta kowane gefe ba, daga nan sai ƙasar ta tsage. Ruwan kogi na rezin a zuba shi shimfiɗa-shimfiɗa, 'yan milimita a kowane zubi, domin zubi mai kauri yana yin zafi har ya narkar da kumfar da ke ƙasa ko ƙafar soja. Kowane soja ya kasance da fegin waya ta tagulla, mai kaurin milimita 0.8 zuwa 1, da ya shiga dunduniyarsa ya kuma shiga gindin. Wanda gam kaɗai ya riƙe zai faɗi a tafiyar farko.

Mataki na takwas: ajiya da ɗauka

Kabad na gilashi da ƙarfe ya fi na ɗanyen katako, musamman ga dalma. Danshin ciki ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Sa ƙaramin ma'aunin danshi da 'yan ƙunshin silika, ka riƙa busar da su in sun jiƙe. Buɗe kabad lokaci-lokaci iska ta shiga. Rana kai tsaye tana kashe launi, ja ya fi saurin dushewa, tana kuma lanƙwasa rezin. Fitilar LED ta fi, don ba ta zafi sosai. Sabon diyorama kada a rufe shi da gilashi sai gam da fenti sun bushe sarai, makonni kaɗan, in ba haka ba tururin gam mai kamawa nan take zai bar farin hazo a jikin gilashin. Tayoyi da sarƙar roba mai laushi kan narkar da roba mai tauri in sun daɗe manne da juna, don haka a fenta ƙafafun motar sosai kafin a sa su.

Ƙura a share ta da burushi mai laushi irin na kwalliya, a bushe. Riƙe soja ta gindinsa, domin gumin yatsa yana sa fenti sheƙi, yana kuma cin ƙarfe. Buɗe littafi ko fayil ka rubuta kowane ɗaya: kamfani, lambar saiti, ma'auni, ranar da ya shigo hannunka, duk gyaran da ke jikinsa, da hotonsa. Kwalin asali a adana shi daban, a wuri busasshe.

Wajen tafiya da su, auduga ba ta dace ba, zarenta yana maƙalewa a takobi da igiyar bindiga yana karya su. Naɗe kowane tsohon soja shi kaɗai da takarda mai laushi marar asid, ka kwantar da shi cikin soson da aka yanke daidai jikinsa. Diyorama kuwa ta gindinsa ake kama shi: ɗaure gindin da sukurori ko maɗauri a ƙasan akwati, ka bar sarari ta sama da gefe yadda babu abin da zai taɓa sojojin, sannan ka sa wannan akwati cikin wani babba, da soso mai kaurin santimita 5 a kowane gefe.